Baƙin hel: abin da na gani a tukunya da abin da bincike ya nuna

Na fara ganin baƙin hel ne a birnin Delhi, a shekarar da na raka mahaifiyata jinya ƙasar Indiya. Mun shafe kusan makonni bakwai a can, kuma da yake abincin asibiti bai karɓe ta ba, sai na kama ɗaki mai ɗan madafi a kusa, ina yi mata girki da kaina. Wata ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, matar mai gidan da muka sauka ta kai ni kasuwar Khari Baoli da ke tsohon gari, dab da masallacin Fatehpuri, inda ake sayar da kayan yaji buhu-buhu, kuma tun daga bakin titi mutum yake fara atishawa saboda ƙurar barkono. A nan ne wani ɗan kasuwa ya ɗebo wasu 'ya'yan itace masu duhu da yamutsattsen ɓawo, kowanne ya kai girman gaɓar babban yatsa, ya zuba mini a tafin hannu. Da na sunsuna sai na ji ƙaurin hayaƙi, irin wanda ke kama zanen macen da ta wuni tana hura wutar icce, a ƙarƙashinsa kuma akwai wani sanyin ƙamshi mai ratsa hanci kamar na man zafi.

Koren hel kam mun daɗe da saninsa. Shi ne ƙananan 'ya'yan nan kore shar da alhazai kan zo da su tsaraba daga Saudiyya, waɗanda Larabawa ke dafa gahawa da su, wasu masu sayar da kayan ƙamshi kuma suna kiransa kadamon. Saboda haka da aka ce mini wannan ma hel ne, sai dai babba ne kuma baƙi, na ɗauka aikinsu ɗaya. Da dare na fasa guda biyu na jefa a tukunyar shayi. Mahaifiyata ta kurɓa sau ɗaya ta ajiye kofin, ta ce, "Wannan shayin ya sha hayaƙi, ko tukunyar ce ba a wanke ba?" Washegari na ba matar mai gidan labari, ita ce ta warware mini cewa babban hel, wanda suke kira badi ilaici, abokin nama ne da shinkafa da wake, ana jefa shi ɗungurungum cikin mai mai zafi tare da kirfa da kanumfari kafin a zuba albasa, kuma guda ɗaya ko biyu sun ishi babbar tukunya. Da ɗan gari akan ci gari, domin farfesun da na yi a daren nan bisa koyarwarta shi ne abinci na farko da mahaifiyata ta cinye tas tun da aka yi mata aiki.

Tsiron da ke ba da baƙin hel, wanda masana ke kira Amomum subulatum, ɗan gidan su citta ne da gangamau, kuma asalinsa gabashin tsaunukan Himalaya. Ƙasar Nepal ce ta fi kowace ƙasa noma shi, musamman a gundumomin gabas irin su Taplejung da Panchthar da Ilam, sai jihar Sikkim da yankin Darjeeling a Indiya, sai ƙasar Bhutan. Yana son inuwa da damshi, saboda haka ake shuka shi a gangaren tsauni mai tsayin mita 600 zuwa 2,000, a ƙarƙashin dogayen bishiyoyi, a gefen ƙoramu. Furensa da 'ya'yansa a gindi suke fitowa dab da ƙasa, cunkushe wuri ɗaya, kuma ɗanyensu jajaye ne masu duhu. Idan aka girbe su bayan damina, sai a baza su a kan wani irin murhu da ake kira bhatti, a hura wutar icce a ƙasa dare da rana har su bushe, daga nan ne suke samun launinsu da ƙaurin da na ji a tafin hannuna. Bayan sun bushe, mata ne galibi ke zama da almakashi suna yanke ɗan jelar da ke kan kowane ɗa, domin wanda aka yanke wa jela ya fi daraja a kasuwa. Koren hel shi wani tsiro ne dabam, asalinsa duwatsun kudancin Indiya, kodayake yanzu ƙasar Guatemala tana cikin manyan masu noma shi.

Akwai abubuwa biyu da nake so mai karatu na gida ya riƙe a nan. Baƙin hel ba shi da wata alaƙa da habbatus sauda, duk da cewa kalmar baƙi ta sa na ji wasu suna haɗa su, har suna jingina masa falalar da aka ruwaito game da ita. Danginsa na kusa a wajenmu ita ce citta mai 'ya'ya, wadda muke dakawa a yaji, domin idan aka fasa ɓawonsu aka dubi yadda ƙwayoyin suka jeru a ciki, kamannin ba ya ɓuya. Mutanen Habasha ma suna da nasu ɗan'uwan da suke kira korarima, Sinawa da mutanen Vietnam kuma suna da wani babba da suke sawa a romon naman shanu.

Dalilin da ya sa na zauna rubuta wannan shi ne wani saƙo da ya zagaya a zauren WhatsApp na danginmu kwanakin baya, wanda ya jero cututtuka fiye da goma da aka ce baƙin hel yana warkarwa, tun daga hawan jini da ciwon suga har zuwa asma da ciwon daji. Da yake an san ina ajiye shi a gida, sai wata gwaggona da ta shekara tara tana shan maganin hawan jini ta kira ni ta ce in aiko mata da shi, tana so ta gwada ta huta da ƙwayar asibiti. Na ce mata, "Gwaggo, don girman Allah kada ki ajiye maganinki. Zan kawo miki hel ɗin da hannuna ki riƙa sawa a miya, amma ƙwayar safe tana nan yadda likita ya ce." Ta yi shiru, sannan ta ce, "To ai ni 'yar nan, gajiya na yi da haɗiyar magani kullum." Na fahimci gajiyarta ƙwarai, kuma wannan gajiyar ce masu irin waɗannan saƙonni ke samun ƙofa da ita. Shi ya sa na ga ya kamata in bi maganganun ɗaya bayan ɗaya, in ware wanda ke da tushe.

Abin da ya fi ƙarfi a cikin man da ke ƙwayar baƙin hel wani sinadari ne mai suna siniyol, wanda yakan kai kusan kashi biyu bisa uku na man. Shi ne kuma ke ba ganyen bishiyar turare ƙamshinsa, bishiyar nan da ake tsinko ganyenta a yi sirace idan mura ta kama mutum, kuma yana cikin irin man shafawar da ake goga wa ƙirji. Wannan sinadari an yi bincike a kansa sosai, kuma an gano yana tsinka majina ta yadda za ta fita cikin sauƙi, yana kuma rage kumburin hanyoyin numfashi. A ƙasar Jamus har ƙwayar magani ake yi da shi ana sayarwa a kantin magani domin masu tari da toshewar hanci. A wani bincike da aka wallafa a 2009, an ɗauki mutum 242 masu ciwon toshewar huhu mai daɗewa, aka ba wasu miligiram 200 na siniyol sau uku a rana har tsawon wata shida, aka ba wasu ƙwayar da babu komai a cikinta, sai aka ga tashin ciwon ya ragu a wajen waɗanda suka sha na gaskiyar. Saboda haka idan masu maganin gargajiya na Indiya suka ce babban hel yana da amfani ga ƙirji da maƙogwaro, ruwa ba ya tsami banza.

Sai dai a nan ne ya kamata a tsaya a yi lissafi, kuma lissafin nan shi ne abin da saƙonnin WhatsApp ba sa yi. Waɗancan marasa lafiya miligiram 600 na tataccen sinadari suke sha kowace rana. Man da ke cikin ƙwayar baƙin hel bai wuce kashi 2 zuwa 3 cikin ɗari na nauyinta ba. Ko da mun ɗauka cewa ɗa guda yana ɗauke da ƙwayoyi masu nauyin giram ɗaya cur, man da ke ciki miligiram 20 ne zuwa 30, siniyol ɗin kuma bai wuce miligiram 20 ba. Ke nan sai mutum ya cinye 'ya'ya talatin ko fiye a kowace rana kafin ya kai abin da aka bayar a wancan binciken. Ni kuwa guda biyu nake sawa a tukunyar da mutum takwas za su ci, kuma wani kaso na man yana bin tururi ya tafi tun kafin a sauke, wanda shi ne ƙamshin da maƙwabta ke ji. Romon farfesu mai zafi da ya ji citta da masoro da baƙin hel yana buɗe hanci, yana sa mai mura ya ji daɗin jikinsa, kuma ina yi wa yarana shi duk lokacin hunturu. Amma mai asma da ya ajiye abin shaƙarsa ya dogara da wannan romon ya jefa ransa cikin haɗari.

Maganar ciki ita ce na fi amincewa da ita, domin a kanta ne al'adu da dama suka haɗu. A tsarin maganin gargajiya na Ayurveda da na Unani, waɗanda ake bi a Indiya, an daɗe ana ba da babban hel domin kumburin ciki da tashin zuciya da rashin cin abinci, kuma ba banza ba ne ya zama abokin abinci masu nauyi irin su biryani, wato dafa-dukar shinkafa da nama, da nihari, wato romon nama mai kauri, da wake mai man shanu. Kayan ƙamshi masu irin wannan mai suna tsinka yawu, suna motsa ruwan narkar da abinci, suna kuma taimakawa iska ta fita ta hanyar gyatsa. Mu ma abin da muke nema ke nan idan muka barbaɗa yajin citta da kanumfari da kimba a kan abinci, ko muka haɗa wa mai jego yajinta. Na lura a gidana cewa idan na dafa wake da ɗa guda na baƙin hel, ƙorafin kumburin ciki yana raguwa, kodayake shaidar gida ɗaya ba ta isa a kafa hukunci da ita ba. Haka kuma tauna ƙwaya biyu ko uku bayan cin abinci yana gusar da warin albasa da tafarnuwa, ya bar sanyi a baki. An gwada mansa a ɗakin gwaje-gwaje an ga yana hana wasu ƙwayoyin cuta yaɗuwa, amma wannan bai ɗauke wa kowa asuwaki ko buroshi ba, kuma haƙorin da ya yi kogo sai an kai shi wajen likita.

Game da hawan jini da ƙiba da ciwon suga kuwa, binciken da aka fi ambata an yi shi ne a Jami'ar Kudancin Queensland da ke Ostireliya, aka wallafa a 2015, kuma a kan ɓeraye aka yi shi. An ciyar da su abinci mai yawan kitse da zaƙi har suka yi teɓa jininsu ya hau, sannan aka riƙa gauraya wa wasu garin baƙin hel, wasu kuma garin kore. Waɗanda suka ci baƙin sun rage kitsen ciki, jininsu ya sauka, zuciya da hantarsu suka gyaru, alhali koren bai nuna irin wannan amfani ba. Sakamako ne mai ƙarfafa gwiwa, kuma ya isa ya sa masana su ci gaba da bibiya. To amma giram 30 aka zuba a kowane kilo na abincin ɓerayen, wanda idan aka kwatanta da cimar ɗan Adam ya zarce abin da kowace mai girki za ta iya sawa abincin ya ciwu, sannan sau da yawa abin da ya yi aiki a jikin ɓera yakan kasa idan aka zo kan mutum. Akwai kuma wani bincike da aka yi a birnin Udaipur na Indiya a 2009, inda mutum 20 masu hawan jini suka sha giram 3 na garin hel kullum har mako 12, jininsu kuma ya sauka. Ana yawan kafa hujja da shi, amma koren hel aka ba su, mutanen sun yi kaɗan, kuma ba a ajiye wani rukuni a gefe da za a gwada su da shi ba. Batun ciwon daji kuwa bai wuce gwajin da ake yi a kan ƙwayoyin halitta cikin faranti ba, kuma duk wanda ya ce wa mai wannan ciwo ya bar asibiti ya koma kan kayan miya ya ɗauki alhakin rai.

Amfanin da na fi ganin baƙin hel zai yi wa lafiyar mutanenmu ta wata hanya ce da ba a cika ambata ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada babban mutum ya wuce giram 5 na gishiri a rana, wato ƙasa kaɗan da ƙaramin cokalin shayi, kuma yawan gishiri yana cikin manyan abubuwan da ke ta da hawan jini. Mu kuwa mun saba da jefa dunƙule huɗu ko biyar a tukunya ɗaya, mu ƙara da gishiri, alhali kusan rabin kowane dunƙule gishiri ne. Idan aka ce wa mai girki ta rage, amsarta ita ce miya za ta yi lami, maigida ya ture kwano. Abin da na gano shi ne ƙaurin baƙin hel yana ba romo wani nauyi da zurfi, irin wanda bandar kifi ko ƙonannen ƙashi ke bayarwa, ta yadda harshe ba ya neman gishiri da yawa. Tun da na fara haɗa shi da daddawa da tafarnuwa da citta, dunƙulen da nake sawa a farfesun kayan ciki ya dawo ɗaya, wani lokaci ma babu, kuma babu wanda ya taɓa tambayata abin da ya ragu. Ga mai hawan jini irin gwaggona, wannan ragin gishirin amfani ne da likitoci ba su da saɓani a kansa, kuma yana tafiya tare da maganinta ba tare da cin karo ba.

Akwai wuraren da ya kamata a yi hattara. Tataccen man hel ko na ganyen bishiyar turare da ake sayarwa a ƙananan kwalabe ba abin sha ba ne, domin ɗan kaɗan daga cikinsa yana iya sa yaro ya suma ko ya yi jijjiga, kuma ba a shafa shi a hanci ko fuskar jariri. Mace mai ciki da mai shayarwa za su iya cin abincin da aka sa shi kamar kowa, amma shan garinsa cokali-cokali da sunan magani abu ne da ya kamata su bari. Wanda ke shan maganin tsinka jini ko na suga, shi ma ya sanar da likitansa kafin ya mayar da kowane irin ganye ko gari abin sha na kullum. Hayaƙin da ake busar da shi yana barin wasu sinadarai a jikin ɓawon waɗanda ba a son yawansu a jiki, irin dai waɗanda ke jikin nama da kifin banda, wanda yana cikin dalilan da suka sa ake ƙarfafa wa manoma gwiwa su koma ga murhun da zafi kaɗai ke isa ga 'ya'yan. Ɗa guda a tukunya ba abin damuwa ba ne, amma wannan ma hujja ce a kan masu cewa a daka shi da ɓawonsa a riƙa sha safe da yamma.

Wajen saye, a zaɓi wanda ya cika ya yi nauyi a hannu, wanda ɓawonsa bai tsage ba, idan an fasa kuma a tarar da ƙwayoyin baƙaƙe suna ɗan danƙo suna manne da juna. Wanda ya yi fari-fari a jiki ko yake warin ruma ya yi hunhuna, kuma hunhunar kayan abinci tana iya haifar da gubar da ke lalata hanta, saboda haka a zubar da shi kawai. Na fi son sayen ɗungurungum a kan gari, domin garin yana saurin rasa ƙamshi, kuma ba a sanin abin da aka gauraya a ciki. A kwalba mai murfi nake ajiye nawa, nesa da murhu da rana, kuma yana kai shekara da ƙarfinsa.

Ranar Asabar da ta wuce na kai wa Gwaggo guda goma a ƙaramar kwalba, na kuma shiga madafinta na dafa mata farfesun kaza da kaina domin ta ga yadda ake yi. Na ɗan ƙwanƙwasa ɗa guda da taɓarya har ya buɗe baki, na jefa shi cikin cokali biyu na man gyaɗa mai zafi tare da sandar kirfa da kanumfari uku, na jira har ya kumbura ƙamshi ya tashi, sannan na zuba albasa da nama da daddawa, da rabin dunƙule kacal. Kafin in zuba mata na tsamo ɓawon na ajiye gefe, domin wanda ya tauna shi cikin rashin sani zai ji ɗaci har maƙogwaro. Ta sha romon, ta ƙara, ta tambayi ko na sa kifin banda ne. Bayan mun yi sallar la'asar na ɗauko na'urar awon jininta na gwada ta, na rubuta adadin a ɗan littafin da take kai wa likita, sannan na ƙirga ƙwayoyin da suka rage a kwalin maganinta, na tarar da su daidai da kwanakin watan.